Alhassan Ɗantata da Yaran Gidansa

Idan aka ambaci Alhaji Alhassan Ɗantata, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne dalar gyada da raƙuman kuɗin da aka ce ya kai banki a Kano a 1929. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne mutanen da suka tara masa wannan dukiya, da yadda ya tsara su.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, fataken da suka shahara a cinikin goro zuwa Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ya rasu Alhassan yana ƙarami. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Akara da zama, ta bar 'ya'yanta a hannun wata baiwa mai suna Tata. Daga nan sunan ya samo asali. A matsayina na ɗalibin harshe, ina ganin abin lura ne cewa attajirin da ya fi kowa a zamaninsa ya shiga tarihi da sunan baiwar da ta rene shi. A Yaƙin Basasar Kano, wanda ya ɓarke a 1893, an ci Bebeji, aka kama shi, sai da ya fanshi kansa.

Makarantarsa ta farko a sha'anin tafiyar da jama'a ita ce ayari. Ayarin Gwanja ba taron 'yan rakiya ba ne. Madugu ke shugabanci, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito. Jagaba ke gaba yana duba hanya da zango. Uban dawaki na da nasa aikin, malami kuma na riƙe da rubutu da addu'a. A masauki akwai fatoma mai saukar da baƙi da ajiye kayansu, akwai dillali mai haɗa ciniki ya karɓi la'adarsa. Kowace kalma a nan muƙami ce mai iyaka, kowa ya san wanda zai tuhume shi idan kaya suka salwanta. Masu koyar da ilimin gudanarwa a jami'o'inmu sukan fara da littattafan Amurka da Ingila, alhali ga tsari a harshenmu.

Ɗantata bai tsaya ga hanyar kakanni ba. Yana cikin 'yan Arewa na farko da suka riƙa bi ta Ikko suna ɗauko goro a jirgin ruwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyada ta buɗe, a 1918 Kamfanin Neja ya nemi ya riƙa saya masa. Turawan suna da kuɗi, amma ba su san manomi ba, ba su kuma san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Ɗantata ya sani. Yakan karɓi kuɗi kafin kaka, ya rarraba wa yaransa, su kuma su rarraba wa nasu yaran a ƙauyuka, har ya kai hannun manomi. Kalmar yaro a nan ba ta da alaƙa da shekaru. Magidanci mai furfura yaro ne muddin da jarin maigida yake juyi. Abin da ke tsakaninsu ya wuce albashi: maigida kan ba da muhalli, ya yi wa yaro aure, ya tsaya masa a gaban alƙali, in ya ga ya kai, ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Mai cin amana kuwa ba ya buƙatar takardar kora, labarinsa kan riga shi isa kasuwa.

Ba zan ce tsarin ba shi da aibi ba. Manomin da ya ci bashi tun damina ba shi da bakin taya farashi da kaka. Babban rauninsa kuma shi ne komai yana cikin kan mutum ɗaya. Mai karatu da ya san Sabon Birni da Isa, inda fatauci tsakaninmu da Maraɗi ya girmi iyakar da Turawa suka shata, ya san gidajen da aka yi ta sauke hatsi da dabbobi a ƙofarsu, amma ranar da aka raba gado aka raba kasuwancin, yara suka watse, bashin da ke waje ya bi maigida kabari domin babu inda aka rubuta shi. Yau da rashin tsaro ke raba 'yan kasuwar gabashin Sakkwato da garuruwansu, dukiyar da ba ta da littafi ba ta jiran mutuwar mai ita kafin ta ɓace.

A nan ne Ɗantata ya bambanta. Ya ajiye masu riƙe masa lissafi, ya saka 'ya'yansa cikin aikin tun yana raye, da ciwon ajali ya kama shi kuma ya yi musu wasiyya kada su wargaza kamfanin. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955. Kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya ci gaba a hannun 'ya'yansa, har Alhaji Aminu, wanda ya rasu a 2025, ya daɗe yana jagorancinsa. Ɗan'uwansa Alhaji Sanusi shi ne kakan Aliko Ɗangote ta wajen uwa.