Ernst Mach, mutumin da ya ɗauki hoton harsashi a guje

Na daɗe ina jin ana cewa jirgin yaƙi ya kai "Mach 2", amma wallahi sai bana na san ashe sunan mutum ne.

An haifi Ernst Mach a 1838 kusa da birnin Brno, a ƙasar Cek ta yau. Yana yaro malamansa suka ce ba shi da kan karatu. Mahaifinsa ya maido shi gida ya riƙa koyar da shi da kansa, yaron kuma yana koyon kafinta a gefe. Wannan "daƙiƙin" ne ya zama farfesan fiziks a Jami'ar Prague.

A 1887 shi da Peter Salcher suka fitar da hoton harsashi a guje, har ana ganin yadda yake tsaga iska. Hoton ya nuna cewa harsashin da ya zarce gudun sauti, kusan mita 340 a daƙiƙa, yana yin tasa ƙarar daban da ta bakin bindiga. Shi ya sa a Amurka maharba masu ɗura harsashinsu da kansu, in suna son rage ƙara, sukan tsayar da gudun ƙasa da wannan iyaka, su ƙara nauyin harsashin don kada ƙarfin bugunsa ya ragu sosai.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye a 1898, amma bai daina rubuta littattafai ba. Ya rasu a 1916.

'Yan uwa, duk ranar da wani ya raina mana aikin wakshof, ni dai wannan ɗan koyon kafintan nake tunawa.