TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI FARFESA ISHAYA AUDU (1927–2005)

A wannan biki na cikar ikilisiyarmu shekara 50, ya dace mu tuna da wani bawan Allah, Bahaushe ɗan'uwanmu, wanda ya buɗe wa 'ya'yan talakawan Arewa ƙofar ilimi mai zurfi.

An haifi Ishaya Audu a shekarar 1927 a Anchau, cikin ƙasar Zazzau. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, yana cikin Hausawan farko da suka karɓi bishara. Ya fara karatu a makarantar mishan ta Wusasa, daga nan ya wuce Legas da Ibadan, sa'an nan Ingila, inda ya zama likita. Ya ƙware a kan lafiyar yara, ya kuma yi aikin likitan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello.

A 1966, yana da shekara 39, aka ɗora masa shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe wannan muƙami, ya kuwa riƙe shi har 1975.

Ga matsalar da ya tarar. A lokacin, ba a shiga jami'a sai an ƙara karatun shekara 2 bayan gama sakandare, makarantun Arewa masu wannan ajin kuwa 'yan kaɗan ne. Saboda haka yaro mai ƙwazo daga ƙauye sai ya tsaya a bakin ƙofa, alhali ba laifinsa ba ne. A zamaninsa jami'ar ta kafa Makarantar Share Fage, wadda take ɗaukar waɗanda suka gama sakandare ta shirya su sosai kafin su fara digiri. Waɗansu sun yi sūka da fari, amma ta wannan hanya ɗalibai masu yawa, Musulmi da Kirista, suka zama malamai da likitoci da alƙalai.

A 1979 ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Dokta Nnamdi Azikiwe, ya kuma zama Ministan Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 sojoji sun tsare shi. Da aka sake shi, sai ya koma Samaru yana duba marasa lafiya, yana hidimar Ubangiji. Ya huta a watan Agusta 2005.

'Yan'uwa, a Sule Tankarkar da Gumel da Maigatari da Gagarawa, akwai yaran da ake barinsu a gona ko wajen kiwo ranar makaranta, balle 'ya'ya mata. Da Malam Bulus ya riƙe ɗansa a gida, da Arewa ta yi babbar hasara. Kowane maigida ya ƙirga yaran gidansa da na maƙwabcinsa, ya ga wa aka bari a baya, mu taimaka masa ya koma aji.

Ubangiji ya ba mu ikon yin haka. Amin.