Ladi Kwali, Maginiyar Da Tukwanenta Suka Ƙetare Teku

Daga wakilinmu na Arewa

Jama'ar Arewa mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kudu, duk wanda ya taɓa juya takardar naira ashirin, wadda aka fitar a 2007, ya ga wata mata zaune tana ginin tukunya. Gaban takardar Janar Murtala ne, kowa ya san shi. To, ta bayan ita ce marigayiya Ladi Kwali, ga kuma kaɗan daga tarihinta.

An haife ta wajen 1925 a Kwali, cikin ƙasar Gwari, watau Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu. A can ginin tukwane aikin mata ne, kuma wurin 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana ƙarama. Ba ta yi makarantar boko ba. Gininsu na hannu ne zalla. Maginiya ta kan aza curin yumɓu, ta yi ta kewaya shi tana ja sama, tana murza wani kamar igiya tana ɗorawa, har randa ta tashi. Sa'an nan a gasa a fili da ciyawa da itace. Abin da ya fid da Ladi daban shi ne zanenta. Ta kan zana kunama, da ƙadangare, da hawainiya, da kada, da kifi, a jikin randa tun tana ɗanya, kowanne cikin gidansa.

Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya sa ana sayo masa tukwanenta yana ajiyewa a fada. Kada mai karatu ya ruɗe: Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yanzu, domin sai bayan 1976 aka ba sabon birnin tarayya sunan. A wannan fada ne wani Bature, Michael Cardew, ya gan su a 1950. Shi ma magini ne, gwamnati ta ɗauko shi don ya duba yadda za a kyautata sana'ar. Ya zaɓi Abuja saboda akwai yumɓu da ruwa da itace, ga kuma goyon bayan Sarki, ya kafa makarantar koyon ginin tukwane. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin.

Nan ta koyi gini a kan keken juyi, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu. Shi wannan tanderu ginin bulo ne, da itace ake hura shi, ana jefawa ba dare ba rana har zafinsa ya wuce digiri 1,200. A irin wannan wuta yumɓu ya kan yi tauri kamar dutse, in an ƙwanƙwasa ya yi ƙara kamar tangaram, ruwa kuma ba ya ratsa shi. Ta yi kwanoni da faranti da kofuna a kan keken, amma manyan randunanta ba ta yarda ta bar ginin hannu irin na gida ba. Sai dai a canza yumɓun, a shafa ruwan ƙyalli, zanen kunamar nan ya fito ta ƙarƙashinsa.

Amma fa akwai abin dubawa. Kowa ya san dalilin da ruwan randa ya ke sanyi: jikinta yana tsatsafo, iska na busawa. To, randar da aka gasa ta koma dutse ba ta tsatsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Ga nauyi, ga tsada. Matar ƙauye ba ta da abin yi da ita. Masu sayenta Turawa ne da manyan ma'aikata, su kuwa ado suke so. A ganina, abin da aka kafa makarantar dominsa, watau samar wa talaka kayan amfani masu araha, bai samu yadda aka so ba. Abin da ya samu shi ne suna.

Suna kuwa ya samu ƙwarai. An nuna tukwanenta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, masu kuɗi suka yi ta rububi. A 1962 ta je Ingila da kanta tana gini a gaban jama'a, a 1972 kuma suka zaga Amurka tare da Cardew, wanda ya riga ya bar Abuja tun 1965. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ita da ba ta taɓa zama a aji ba. Gwamnatin tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa a 1980, da ta OON a 1981.

Bayanta wasu mata sun shiga makarantar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto, daga baya ma aka sa wa wurin sunanta. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984, shekara guda bayan mutuwar Cardew. Ranar kuwa Lahadi ce.