Gani Odutokun: Mai zanen da ya san iyakar ƙaddara

Ni haifaffen Sabon Birni ne, kuma tun ina yaro na ga yadda manomin fadama ke zama da Gulbin Rima. Ba shi da iko da ranar da ruwa zai cika ya tumbatsa, amma shi ke haƙa magudana, ya tayar da kunya, domin in ruwan ya zo ya bi inda zai amfane shi. Wannan ne ya faɗo mini a rai da na waiwayi rayuwar marigayi Gani Odutokun, malamin zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

An haife shi a garin Nsawam na ƙasar Gana a shekarar 1946, iyayensa kuwa Yarbawa ne 'yan asalin Offa ta Jihar Kwara. A Zariya ya yi karatunsa, ya sami digirin farko a 1975, na biyu a 1979, kuma a sashen da ya yaye shi ya koyar har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya fito da sunansa shi ne wata dabara ta sarrafa fenti. Yakan tsinka fentin mai har ya yi ruwa-ruwa, ya zuba a kan ƙyallen zane, ya bar shi ya gangara. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wasa ne. Alhali kuwa shi ya zaɓi launin, shi ya auna kaurinsa, shi ya san inda zai karkata ƙyallen da lokacin da zai tsayar da hannu. Abin da ya fito bagatatan sai ya dube shi da idon gwani, ya gina siffa a kansa. Bai kuma tsaya ga ƙawa ba: a zamanin mulkin soja ya yi zanen wani sarki yana raha da janar-janar ɗinsa, kuma kowa ya gane inda aka dosa.

A watan Fabrairun 1995 ya rasu a haɗarin mota tare da wasu abokan aikinsa, a hanyarsu ta dawowa daga wani baje kolin zane a Legas. A shekarar 2000 aka baje ayyukansa da na waɗanda suka bi sahunsa a Landan, a ɗakin Brunei na makarantar SOAS, kuma taken taron ya haɗa kalmomi biyun da suka zama tambarinsa, wato katsaham da tsari.

To, mai karatu, ga inda zancen ya shafe mu. Mu 'yan bokon Arewa mun iya jingina komai ga ƙaddara. A Disambar 2021 'yan bindiga suka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. Muka yi ta'aziyya, muka koma ofisoshinmu. Manoman Isa da dama sun bar gonakinsu saboda tsoro. Ajali na Allah ne, babu ja. Amma hanyar da babu tsaro da ƙauyen da aka bar wa ɓarayi aikin mutane ne, kuma mutane za a tambaya.

Gani bai taɓa zuba fenti ya juya baya ba. Yakan yi nasa tukuna, sannan ya karɓi abin da ya zo. Manomin fadamarmu ma haka yake yi. Mu da muka yi karatu muke riƙe da muƙamai, wace magudana muka haƙa kafin ruwan ya iso?