Alfa Hashim, baƙon Madina

Mu ƴan Nuzla da yawa mun ji sunan Alfa Hashim a bakin tsofaffi, amma ƙalilan ne suka san tarihinsa. Ɗan ɗan'uwan Shehu Umaru Futi ne. Bayan Faransawa sun ci Segu a 1890, ya biyo ayarin Amadu Shehu gabas har ƙasar Sakkwato. Can ma sai ga Turawan Ingila. Ya bi Sarkin Musulmi Attahiru, aka gwabza a Burmi a 1903, Attahiru ya yi shahada, shi kuwa ya tsira, ya miƙe sai Hijaz.

Abin da ke tsaya mini a rai, wai mutum ɗan gidan sarauta, ya ga dauloli biyu sun faɗi a idonsa, amma bai koma neman mulki ba. Kusanci da Allah yake ƙishirwa, kuma a masallacin Manzon Allah (SAW) ya neme shi: yana karantarwa, yana ba da wuridin Tijjaniyya, takari da alhazan Kano suna kawo masa fatawa da damuwarsu. A Madina ya rasu, 1931.