Abubakar Imam: Mai zuƙi ta malle da bai yarda a karya doka ba

Duk wanda ya taɓa zama cikin matasan da ke wasan kwaikwayon jaruman Naruto ko Dragon Ball, a zauren gida a Kazaure ko a dandalin Roni, ya san inda rigima ke tashi. Kowa na so jaruminsa ya rusa dutse da naushi ɗaya. Da zarar wani ya ce nasa ba ya mutuwa, wasa ya watse. Alhaji Abubakar Imam ya warware wannan matsala a labaransa tun kafin a san anime a ƙasar Hausa.

An haife shi a Kagara a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, yana kuma koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara kuma da Ganɗoki.

Ganɗoki jarumi ne mai ƙarfin gaske, ya kara da Turawa, ya kara da aljanu, kuma da wuya mai karatu ya ji tsoron za a kayar da shi. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja kuwa ba shi da makami sai wayo, wayon ma yana da farashi. In ya cuci Malam Zurƙe ɗan Muhamman a wannan gari, to ya saurari ramuwa a na gaba. Ƙarya ta kai inda za ta kai, amma wannan ƙa'ida ba ta motsi, shi ya sa ake ɗokin haɗuwarsu.

A 1936 ya je Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, inda ya ƙara ɗaure kansa. Labaran da ke ciki sun fito daga taskar Larabawa da Indiya da Turai, cike da abubuwan al'ajabi, amma mai ba da su aku ne. Aikinsa ya riƙe Musa ɗan sarki da hira har gari ya waye, don in yaron ya fita fada zai faɗa tarkon mugun Waziri. Imam bai taɓa ba akun nan tsafi don ya huta ba. A ganina nan ya fi gwaninta.

A Janairun 1939 ya zama editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo, aikin da babu wurin zuƙi ta malle a cikinsa ko kaɗan. Daga baya ya shiga siyasa da aikin gwamnatin Arewa. Ya rasu a Zariya a watan Yunin 1981, yana da shekara 70.