TARIHIN LOUIS PASTEUR, ƊAN MAJEMIN DA YA GANO SIRRIN TSAMIN NONO

Duk wanda ya saba sayen fura da kindirmo a Gyallesu da sauran unguwannin Zariya ya san yadda mai nono take yi. Takan tafasa madara, ta bari ta huce, sa'an nan ta zuba ɗan tsohon nono, ta rufe ƙwarya ya kwana. Mata sun gaji wannan hikima kaka da kakanni, amma wanda ya tabbatar da dalilinta a ilmance shi ne Louis Pasteur, mutumin ƙasar Faransa.

An haife shi ran 27 ga watan Disamba, 1822, a garin Dole. Mahaifinsa majemi ne, tsohon sojan Napoleon. Sa'ad da yake yaro ya fi suna wajen zane bisa ga karatu, amma naci ya kai shi babbar makarantar horar da malamai ta birnin Paris a 1843, inda ya karanta kimiyyar haɗa sinadarai da ta haske.

Aikinsa na farko bai shafi abinci ba ko kaɗan. A 1848 ya duƙufa kan wani irin gishiri da ake samowa daga gangunan ruwan inabi. Da ya duba 'ya'yan gishirin a madubin ƙara girma, sai ya ga iri biyu ne, kamar hannun dama da na hagu. Ya tsince su ɗaya ɗaya da hantsaki, ya narkar, ya haska musu tataccen haske. Iri guda ya karkatar da hasken dama, ɗayan kuwa hagu. Daga nan ya fahimci cewa abu mai rai ne ke ƙera sinadari mai hannu ɗaya.

Wannan ne ya buɗe masa ƙofa bayan an naɗa shi shugaban sashen kimiyya a Jami'ar Lille a 1854. Masu masana'antar barasa suka kawo kukan cewa kayansu na tsami suna lalacewa. Da ya tarar da sinadari mai karkatar da haske a ciki, sai ya gane akwai aikin mai rai. A 1857 ya wallafa cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke mayar da zaƙi tsami, kamar yadda ake gani a nono. Daga bisani ya nuna cewa romon da aka tafasa, aka tsare shi daga ƙura, ba ya ruɓa. A 1865 ya yi rajistar dabarar ɗumama abin sha don kashe ƙwayoyin, wadda aka sa wa sunansa. A yau kamfanoni kan ɗumama madara zuwa awo 72 na tsawon daƙiƙa 15, don kare jama'a daga tarin fuka da bakkale.

Rayuwarsa ba ta rasa jarraba ba. 'Ya'yansa mata uku sun rasu suna ƙanana, biyu da zazzaɓin taifod, shi kuma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye a 1868. Duk da haka a 1881 ya gwada rigakafin cutar saifa a kan tumaki a bainar jama'a, aka dace. Littattafan ajiyarsa da aka bincika bayan shekaru da yawa sun nuna cewa da dabarar mataimakansa aka haɗa maganin, bai kuwa bayyana haka ba.

Ran 6 ga watan Yuli, 1885, aka kawo masa Joseph Meister, yaro ɗan shekara 9 wanda mahaukacin kare ya ciza. Pasteur ba likita ba ne, kuma da yaron ya mutu da sunansa ya ɓaci. Aka yi masa allura 13, ya rayu. Gudunmawar da jama'a suka tara ce ta gina Cibiyar Pasteur, wadda aka buɗe a 1888. Ya rasu ran 28 ga watan Satumba, 1895, yana da shekara 72.

A Nijeriya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafin saifa da na haukan kare bisa tafarkin da ya share. Ya kamata ɗalibai da ma'aikatan da ke tsara kuɗin bincike su lura: aikin da ya fara daga ƙwayar gishiri da haske, wanda ba a ga amfaninsa ba a farko, ya ƙare a ƙwaryar nono da ɗakin magani.